Kunne, Jiki da Kiɗa: Tambayoyi da Amsoshi

Kalmar "ji" ƙarama ce, amma kayan da ta ɗauka sun fi girmanta. Muna jin ƙara, muna jin zafi da sanyi, muna jin ƙamshi, muna jin daɗi, in kuma mutum ya fahimci magana sai mu ce ya ji. A harkar kiɗa harshe bai yi kuskure ba da ya haɗa su wuri ɗaya, domin idan waƙa ta ratsa mutum, kunne na da hannu a ciki, fata na da hannu, ido ma haka, ƙwaƙwalwa kuma ita ce ke raba aikin. Tambayoyin nan su aka fi yi, wasu daga makaɗa, wasu daga masu kula da iyayen da jinsu ya fara rauni, wasu daga matasan da iyafis ba ya barin kunnensu.

Me ke faruwa tun daga lokacin da aka buga ganga har na ji ta?

Fatar gangar tana karkarwa, ta ture iskar da ke jikinta, ita ma ta ture ta gabanta, haka-haka har motsin ya iso gare ka da gudun kusan mita 340 a daƙiƙa. Ya shiga ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, wanda shi ma wata 'yar fata ce a ɗame kamar ta gangar. Bayansa akwai ƙananan ƙasusuwa uku a sarƙe da juna, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonsa wajen milimita 3. Su ke tattara motsin su tura shi cikin wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa, wadda ba ta kai kan ɗan yatsa girma ba.

A cikin katantanwar akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 a kowane kunne, kowace da 'yan siraran gashi a kanta. Ruwa ya motsa, gashin ya lanƙwasa, sai saƙon lantarki ya bi jijiyar ji zuwa ƙwaƙwalwa. A jere suke kamar madannan fiyano: na bakin ƙofa su ke kama siririn sauti, na can ƙurya su ke kama mai kauri. Georg von Békésy, ɗan asalin Hangari, shi ya nuna yadda motsin ke tafiya a ciki, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961. Lafiyayyen kunnen yaro yana kama sauti tun daga mai kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa mai kaɗawa sau 20,000.

Zuwa nan dai babu kiɗa tukuna, saƙonni ne ke gudu a jijiya. Ƙwaƙwalwa ce ke ware muryar mawaƙi daga ta 'yan amshi, ta kama bugu, ta yi hasashen abin da zai biyo baya. Har ciko take yi. Kowane amo na murya ko na kayan kiɗa yana da uwa da 'ya'ya, wato ainihin sautin da kuma wasu sirara da ke tafiya tare da shi, mai ninki biyu, mai ninki uku, har sama. Lasifikar waya ba ta iya fitar da uwar muryar namiji mai kauri, amma kana jin kaurin, saboda ƙwaƙwalwarka ta samu 'ya'yan sai ta ƙirƙiro uwar da kanta.

Raunin ji ba kamar an rage wa rediyo murya ba ne? In haka ne ai sai a ƙara.

Da haka ne da abin ya zo da sauƙi. Akwai nau'in da ya yi kama da hakan: dauɗa ta toshe kunne, ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ko ƙasusuwan nan sun ƙage. Sautin yana raguwa, amma in an ƙara masa ƙarfi yana isa da kamanninsa, kuma sau da yawa ana samun magani.

Wanda ya fi yawa, na tsufa da na yawan ƙara, a cikin katantanwa yake, kuma ƙwayoyin bakin ƙofa ne ke fara mutuwa. Don haka siririn sauti ke fara ɓacewa, mai kauri yana nan. A magana, haruffa irin su s da sh da f da ts ne ke zubewa, shi ya sa mai wannan lalura zai ce maka yana jin ana magana amma bai san me ake cewa ba. A kiɗa kuwa 'ya'yan nan ne ke tafiya, alhali su ke bambanta goge da sarewa ko da amo ɗaya suka buga. In sun tafi, kiɗan yana zama kamar ana yin sa a ɗakin maƙwabta an kuma rufe ƙofa. Bugun ganga yana isowa, zaƙin ya tsaya a hanya.

Wani dattijo da na sani ya canza lasifika har sau biyu, yana ta faɗan kayan yanzu ba su da inganci, waƙoƙin ƙuruciyarsa sun daina fita yadda ya san su. Wata rana da daddare jikarsa ta ce kukan gyare ya hana ta barci. Ya yi shiru ya kasa kunne, can ya ce, "Wane gyare?" Ɗakin a cike yake da kukan.

Abu na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin "ban ji ba" da "ya yi yawa" tana tsukewa. Kowa ya taɓa zama da mai raunin ji ya san wannan: ka yi magana ya ce ɗaga murya, ka ɗaga kaɗan ya ce me ya kawo ihu. Kada ka ɗauka rigima ce, haka kunnen nasa ke kai masa. Kiɗa kuma da hawa da sauka yake rayuwa, to wurin da ya yi laushi ba ya ji, wurin da ya taso kuma sai ya ji kamar an mare shi. Wasu ma kunnuwansu biyu ke saɓa wa juna, amo ɗaya ya shiga na dama daidai, ya shiga na hagu a ɗan karkace. Ga mai kiɗa wannan ya fi kurumtar kanta ciwo.

Yaya zan san ƙara ta yi yawa?

Da desibel ake auna ta. Raɗa tana wajen 30, hira tana wajen 60, babban taron kiɗa yana kaiwa 100 zuwa 110. Lissafinsa yana da yaudara, domin duk ƙarin 3 yana nufin ƙarfin da ke dukan kunne ya ninka, lokacin da kunne zai iya ɗauka kuma ya rabu biyu. A ma'aunin da ake amfani da shi wajen kare ma'aikata, desibel 85 awa 8 ne a rana, 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1. In ka kai 100 kuwa, minti 15 ne kawai. Wayoyi da yawa suna haura 100 in an ƙure musu murya ta iyafis.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma 75. Ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin lalata jinsu saboda yadda suke sauraro, a 2022 kuma ta fitar da ƙa'ida cewa matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa kada ya wuce 100.

In ba ka da na'urar awo, ga gwaji: idan wanda ke tsaye tsawon hannu daga gare ka sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, wurin ya kai matakin da ke ɓarna. Ni dai abin da na fi zargi shi ne sauraro a cikin hayaniya. A mota ko a kan titi mutum yana ƙara murya don ya danne ƙarar waje, bai san ya haura ba. Iyafis mai toshe hayaniyar waje ya fi amfani a nan, tunda yana ba ka damar ji a hankali.

Bayan taron kiɗa kunnena ya yi ta kuka, da safe ya daina. Ya warke ke nan?

Kukan da toshewar da ka ji alama ce ƙwayoyin sun sha wuya. Yawancinsu suna farfaɗowa cikin awoyi ko kwanaki, amma wadda ta mutu ta mutu. Tsuntsaye suna sake tsiro da nasu, ɗan Adam ba ya yi.

A 2009 Sharon Kujawa da Charles Liberman, masu bincike a Boston ta Amurka, sun sa ɓeraye cikin ƙara mai ƙarfi na awa biyu. Daga baya gwajin ji ya nuna sun koma daidai, amma da aka duba cikin kunnen sai aka tarar kaso mai yawa na mahaɗun da ke tsakanin ƙwayoyin da jijiya sun tsinke. Wato gwaji na iya cewa lafiya lau alhali an yi asara a ɓoye.

Wani kukan kuma in ya zo ba ya tafiya. Bedřich Smetana, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Cek, ya kurumce a 1874. Shekara biyu bayan haka ya rubuta wani kiɗa na goge huɗu kan tarihin rayuwarsa, kusa da ƙarshe sai kiɗan ya yanke, goge ɗaya ya riƙe wani siririn amo mai tsawo. Kukan da ya addabi kunnensa ne ya sa wa masu sauraro su ɗanɗana.

Kurma yana jin kiɗa kuwa?

Masu iya magana sun ce jiki ya fi kunne ji. Da wata manufa suka faɗe ta, amma a nan ta zauna daram. Sauti girgiza ce, fata kuma tana kama girgiza har zuwa wajen kaɗawa 1,000 a daƙiƙa, ta fi kama ta kusa da 250. Ƙirji da ciki da tafin ƙafa duk suna amsawa idan babbar ganga ta yi ƙugi. Masu ji ma suna samun wannan, kawai dai kunne ya danne shi ba su lura.

Evelyn Glennie, 'yar Sikotland, an haife ta a 1965, jinta ya tafi kusan gaba ɗaya tana da shekara 12, kuma ta zama ɗaya daga cikin fitattun makaɗa na duniya. Tana ƙarama, malaminta yakan buga ganga ita kuma ta dafa bangon ajin da hannu, har ta koyi bambance amo ta wurin da yake taɓa ta: mai kauri a ƙafafu, siriri a fuska da wuya da ƙirji. Ba takalmi take hawa dandali don ta ji abin da daɓen ke kawo mata. Ita ta jagoranci makaɗa kusan 1,000 a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012.

Akwai dabaru masu sauƙi ma. Wasu kurame sukan riƙe balan-balan da aka hura a wurin kiɗa, siririyar fatarta tana kawo girgizar zuwa yatsu. A Jami'ar Gallaudet ta kurame da ke Washinton, an daɗe ana amfani da ƙatuwar ganga a filin wasa, 'yan wasa su ji bugun a jikinsu. Yanzu har riguna ake yi masu 'yan injina da ke rarraba girgizar kiɗa a sassan jiki. Akwai kuma masu fassara waƙa da maganar hannu, waɗanda ke nuna bugu da hawa da saukar murya da fuska da kafaɗa, ba kalmomi kaɗai ba.

Abu biyu nake so a riƙe. Yawancin waɗanda muke kira kurame suna da sauran ji, musamman na sauti mai kauri, don haka kunne da fata suke haɗawa. Sannan ba kowane kurma ne kiɗa ya dama ba, kuma ba wani giɓi yake ji a rayuwarsa ba. Tausayin da masu ji ke nunawa a kan wannan sau tari shisshigi ne.

To Beethoven fa? Yaya ya tsara kiɗan da ba ya ji?

Ba kurma aka haife shi ba, wannan shi ne mabuɗin. An haife shi a Bonn ta Jamus a 1770, jinsa ya fara raguwa kafin ya cika shekara 30, lokacin ya riga ya gama ƙwarewa. A 1802 ya rubuta wa 'yan'uwansa wata wasiƙa da bai aika ba, sai bayan mutuwarsa aka gan ta, yana kukan yadda yake gudun mutane don kunyar ya ce musu su ɗaga murya. Ya gwada ƙahonnin ƙarfe da ake karawa a kunne. Daga baya baƙinsa rubuta masa magana suke yi a littafi, shi kuma ya amsa da baki.

Amma wanda ya iya karanta rubutun kiɗa yana jin sa a kansa, kamar yadda kake jin muryar wanda ka sani idan kana karanta saƙonsa. Da wannan kunnen na ciki ya ci gaba da aiki. A watan Mayun 1824 aka fara gabatar da babban kiɗansa na tara a Biyana, kuma ana ba da labarin sai da wata mawaƙiya ta juyo da shi ya fuskanci jama'a sannan ya ga ana tafa masa.

Mun sa wa Baba na'urar taimaka wa ji. Hira ta gyaru, amma sun ce waƙa ta zama kamar ana buga gwangwani. Na'urar ce ba ta da kyau?

Wataƙila lafiyarta ƙalau, don magana aka ƙera ta. Tana ɗaga siririn sauti inda haruffa suke, tana rage mai kauri saboda tana ɗaukar sa hayaniya, tana kuma matse hawa da sauka don kada ƙara ta firgita mai ita. Duk wannan alheri ne ga hira, ɓarna ne ga kiɗa. Har ma akwai sashen da aka sa don kashe fiton da na'urar ke yi wani lokaci, to idan sarewa ta ja amo mai tsawo yakan zaci fiton ne ya shiga yaƙi da shi, amon ya riƙa rawa.

Ku koma wurin wanda ya saita ta ku nemi a sa wa Baba tsari na dabam don kiɗa, yawancin na'urorin yanzu suna da gurbinsa. Ku tafi da waƙar da suka fi so a gwada a gabansu. A gida kuma a rage muryar lasifika a bar na'urar ta yi ƙarin, domin ƙara mai yawa tana cika ta har sautin ya fashe. Su fara da waƙoƙin da suka haddace, masu murya ɗaya da kayan kiɗa kaɗan, ƙwaƙwalwa za ta cike abin da ya ɓace daga abin da ta adana. A ba abin makonni. Kunnen da ya shekara goma bai ji siririn sauti ba, ranar da aka dawo masa da shi dole ya ji kamar gwangwani.

Wanda aka yi wa dashen na'ura a cikin kunne fa?

Wannan na'urar tsallake matattun ƙwayoyin take yi. Ana zura siririyar waya a cikin katantanwa ta riƙa taɓa jijiyar ji da lantarki kai tsaye. Graeme Clark ya dasa irinta mai layuka da yawa a Melbon ta Ostireliya a 1978, kuma tun daga nan ta buɗe wa dubban ɗaruruwan mutane ƙofar magana.

Matsalar ita ce yawancinsu wuraren taɓawa 12 zuwa 22 gare su, a madadin ƙwayoyi kusan 3,500, daga cikin 15,000 ɗin nan, da ke aika saƙo a lafiyayyen kunne. Ka ɗauka fiyano ne aka ɗaure madannansa dami-dami, kowane dami yana fitar da amo ɗaya. Bugu yana fita sarai, kusan kamar na kowa, kalmomin waƙa ma ana kamawa. Karin waƙa da bambance kayan kiɗa su ne wahala. Horo yana taimakawa ƙwarai, yaran da aka yi wa dashen tun suna ƙanana kuma da yawansu suna son kiɗa, don ba su da wani tsohon ji da za su riƙa gwada sabon da shi.

Ido yana da ruwa da abin da kunne ke ji?

Gani ya kori ji, har a ɗakin gwaji. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka nuna cewa idan aka sa maka muryar da ke cewa "ba" a kan hoton leɓen da ke cewa "ga", mutane da yawa "da" suke ji. Ka rufe ido, "ba" ta dawo. Sanin dabarar ma ba ya hana ta aiki.

A kiɗa an gwada da marimba, wani jerin katakai da ake bugawa da sanda. Makaɗin ya buga amo ɗaya sau biyu, sau ɗaya ya janye hannu a hankali, sau ɗaya ya tsayar da shi cak. Tsawon sautin bai bambanta ba, amma masu kallo suka ce na farkon ya fi tsawo. A 2013 kuma Chia-Jung Tsay ta ba mutane gajerun sassa na wasan waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a gasar kiɗa, ta ce su canki wanda ya ci. Waɗanda suka kalli hoto ba murya sun fi canka daidai a kan waɗanda suka ji murya ba hoto, har da ƙwararrun makaɗa a cikinsu. Wannan ya kamata ya ɗan kunyata alƙalan gasa. Ga mai raunin ji kuwa riba ce: ya zauna inda zai ga bakin mawaƙi da hannun makaɗi.

Me ya sa kiɗa mai kauri ke sa ƙafa motsi ko mutum bai yi niyya ba?

Jikin katantanwa akwai gaɓoɓin da ke kula da daidaiton jiki, waɗanda in sun rikice ake jin jiri. Gida ɗaya suke, ruwa ɗaya suke sha, kuma sauti mai kauri da ƙarfi yana taɓa su. A Jami'ar McMaster ta Kanada, a 2005, an riƙa jijjiga jarirai 'yan wata 7 ana sa musu wani bugu maras tsari bayyananne, wasu a kowane bugu na biyu, wasu a na uku. Daga baya kowane jariri ya fi karkata ga kiɗan da ya dace da yadda aka jijjiga shi. Motsin jiki ne ya gaya wa kunne abin da ya ji.

A jami'ar dai, a 2022, an shirya wasan kiɗa aka riƙa kunna wasu lasifikoki ana kashewa, masu fitar da sauti mai kaurin da kunne ba ya tantancewa. Duk sanda aka kunna, motsin masu rawa ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100.

Gaskiya ne makafi sun fi mu ji?

Kunnensu bai fi naka kaifi ba in an gwada mafi ƙarancin sautin da ake iya ji. Bambancin a ƙwaƙwalwa yake. Wanda ya makance tun yana ƙarami, sashen da aka tanada don gani ba ya zaman banza, yana karɓar wani ɓangare na aikin ji da taɓawa. Bincike ya nuna irin waɗannan sun fi iya bambance amo biyu masu kusanci da juna. Amma makanta ba ta mai da kowa Stevie Wonder ko Ray Charles, waɗannan makafin mawaƙa na Amurka sun sha koyo da maimaici kamar kowane gwani.

Likita ya ce kunnena lafiya lau, amma ni waƙa ba ta yi mini komai. Ina da matsala ne?

Abu biyu ne ke iya jawo haka. Akwai waɗanda aka haifa ƙwaƙwalwarsu ba ta tantance hawa da saukar amo yadda ya kamata. Ba sa gane waƙa sai ta kalmominta, ba sa sanin an kauce wa kari, wasunsu ma kiɗa hayaniya ne a wurinsu. Ƙiyasi ya sa su tsakanin kashi 1.5 da 4 cikin 100 na jama'a. Yawancin masu cewa ba su iya waƙa ba kuwa ba sa cikinsu, suna jin karin daidai, maƙogwaro ne bai samu horo ba.

Na biyu suna jin komai daidai, daɗin ne babu. A 2011 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, a lokacin da waƙa ta sa tsigar jiki tashi, har ma tun ana dab da isa wurin da mutum ke jira. A 2014 wasu a Basalona ta Sifaniya suka gano mutanen da wannan bai faruwa da su a kiɗa, alhali in sun ci kuɗi a wasa jikinsu yana amsawa kamar na kowa. Ba cuta ba ce, ba ta kuma buƙatar magani. Amma in da kana jin daɗin waƙa sai ya ɗauke, tare da daɗin sauran abubuwa, wannan ka faɗa wa likita, don ciwon damuwa yana zuwa da haka.

Wai akwai masu ganin launi idan suna jin kiɗa?

Akwai. A wurinsu wani amo ja ne, wani shuɗi, kuma launin ba ya canzawa ko bayan shekaru. Olivier Messiaen, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, har rubuta launukan yake yi a jikin takardun kiɗansa. Ba lalura ba ce.

Me ya sa muryata ke ba ni haushi idan aka naɗe ta aka sa mini?

Idan kana magana ta hanya biyu kake jin kanka, ta iska da kuma ta ƙashin kai, wanda ke ƙara wa muryar kauri. Na'ura ta iska kawai take ɗauka. Siririyar da kake ƙi ɗin, ita kowa ya sani.

Kiɗa ne sana'ata. Yaya zan kare kunnena ba tare da na daina jin abin da nake bugawa ba?

Abin toshe kunne na soso ya fi yanke siririn sauti, shi ya sa makaɗa ke ƙin sa. Akwai na musamman da ake yi daidai ramin kunnenka, mai matatar da ke rage dukkan sautuka kusan daidai wa daida, da desibel 9 ko 15 ko 25. Kiɗan yana nan da kamanninsa, ƙarfin ne ya sauka. In shi bai samu ba, na soson ya fi babu. Auduga kuwa kusan ba ta tare komai.

Ka nisanci bakin lasifika, a fili duk ninka tazara yana rage wajen desibel 6. Ka riƙa fita kana ba kunne hutu, ka tuna awoyin gwaji ma suna cikin lissafi. Ka je a auna jinka tun kana lafiya don a samu abin kwatantawa, domin ɓarnar ƙara takan fara ne a wajen sautin da ke kaɗawa sau 4,000 a daƙiƙa, inda ba za ka lura da ita da wuri ba. In za a ba ka magunguna irin su jentamaisin ko kwinin ko wasu na ciwon daji, ka gaya wa likita da kunne kake ci, don suna iya taɓa ji, amma kada ka daina sha da kanka. Idan kuma ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ka nemi likita a ranar. Kada ka zauna jiran ya buɗe, maganinsa ya fi aiki a makonni biyun farko.

Kakarmu ba ta ji sosai, amma ta ce tana jin ana waƙa da dare alhali ba kowa. Hankalinta ne ya fara taɓuwa?

Ba lallai ba, kuma ku yi mata hanzarin wannan bayani, don da yawa suna ɓoyewa saboda tsoron abin da za a ce. Yana faruwa ga masu raunin ji, musamman tsofaffi. Idan saƙon da ke zuwa daga kunne ya ragu, sashen ji na ƙwaƙwalwa ba ya son zaman shiru, sai ya shiga ɗebo abin da ya adana. Galibi waƙoƙin ƙuruciya ne ko na ibada, baiti ɗaya ko biyu suna ta zagayowa, kuma yana fita sarai har mutum ya tashi ya leƙa taga neman mai rediyon. Ɗan'uwan kukan kunne ne, sai dai shi da kari yake zuwa.

Ku kai ta a duba kunnen, a kuma duba magungunan da take sha, don wasu suna jawo shi. In akwai ruɗewa ko mantuwa ko jin muryoyi suna yi mata magana, ku faɗa wa likita, wannan wani bincike ne dabam. In ba haka ba, na'urar taimaka wa ji takan rage shi, tunda kunnen ya samu abin yi. Da dare kuma, lokacin da gida ya yi tsit waƙar ta fi tasowa, sai a bar mata rediyo a kunne a hankali kusa da gado.